Amorim da tsarin 'yan baya uku: bayan wasa 11, ina gizo ke saƙar?

Baban Ummi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Bayan abin da Newcastle ta yi mana jiya a Old Trafford, ina ganin lokaci ya yi da za mu zauna mu auna aikin Ruben Amorim, kocinmu na Manchester United, da hankali. Daga wasan Ipswich na 24 ga Nuwamba zuwa jiya 30 ga Disamba 2024, ya ja ragamar wasa 11: ya ci 4, canjaras 1, an doke shi sau 6, kuma duka shidan a cikin Disamba ne. A Firimiya maki 7 ya samo daga wasa 8. Muna na 14 da maki 22, maki 7 kacal tsakaninmu da 'yan ukun ƙasa. Wasa uku na ƙarshe, Bournemouth da Wolves da Newcastle, ko ƙwallo ɗaya ba mu zura ba. Tambayata ita ce: tsarin 3-4-3 ɗin (uku a baya, huɗu a tsakiya, uku a gaba) ne bai dace da Ingila ba, ko 'yan wasan da yake sawa ne ba su dace da tsarin ba? A kawo hujja daga fili don Allah, ban da zagi.

Koci Lawandi:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Mu fara daidaita sunan abin. A takarda 3-4-3 ake rubutawa, amma a fili siffa biyu ce. In ƙwallo na ƙafarmu, 'yan gefen nan biyu su haura har layin gaba, a zama 3-2-5: uku a baya, biyu a tsakiya, biyar a gaba. In an ƙwace, su sauko a zama 5-2-3 ko 5-4-1. Duk siffar da ka ɗauka, mutum biyu ne a tsakiya, kuma a nan abin yake tsayawa ko ya rushe.

Ku duba jiya. Bruno na zaman jan katin da ya samu a Wolves, Ugarte na zaman yalo biyar. Sai ya haɗa Casemiro da Eriksen, kowanne shekara 32, ya tura su gaban Tonali da Guimarães da Joelinton. Uku a kan biyu, kuma ukun nan duk masu huhu ne. Da Casemiro ya fita tarar Guimarães, sai Tonali ya rage shi kaɗai a bayansa. Da Eriksen ya matso ya toshe, sai Joelinton ya bi ta ramin da ya bari ya shige cikin yadi 18. Ƙwallo ta biyu ke nan a minti na 19. 'Yan bayanmu uku suna tsaye suna gadin Isak shi kaɗai, ga mutum biyu sun zama rara a baya alhali tsakiya na neman agaji. A tsarin nan dole ɗaya daga cikin na baya ya riƙa fitowa da gudu ya tari mai karɓar ƙwallo tsakanin layuka, kamar yadda Inácio da Diomande ke yi a Sporting, ƙungiyar Fotugal da Amorim ya baro. Namu suna jin tsoron fitowa, saboda sun san in aka wuce su babu mai gudun da zai rufa musu baya.

Ɗan Gwammaja:
Koci ka yi bayani, amma ka tsallake mai laifin. Wa ya rubuta sunayen? Mainoo na zaune a benci lafiyarsa lau. Wannan haɗin na Casemiro da Eriksen shi ya fara da shi a Ipswich, ya ga yadda suka sha wuya a hannun ƙungiyar da ta hauro bana, amma ya maimaita shi gaban Newcastle. Sai da aka ci mu biyu, Tonali ya bugi ƙarfe, sannan ya cire Zirkzee a minti na 33 ya sa Mainoo. Yaron ya fita 'yan kallo na masa ihu, alhali kuskuren na mai zaɓe ne. Da shigowar Mainoo wasan ya ɗan lafa, wanda ke nuna cewa mutum na uku a tsakiya shi ake buƙata tun bushin farko.

Koci Lawandi:
Na yarda da kai a wannan ɗari bisa ɗari. Zaɓen jiya kuskure ne. Abin da nake so mu raba shi ne kuskuren rana ɗaya da matsalar da ke bin mu kowane wasa.

Maman Sadiq:
To ni wadda nake gani tana bin mu kowane wasa ita ce ta 'yan gefe. A Sporting, waɗanda yake sawa a gefe asalinsu masu kai hari ne: Geny Catamo da yaron nan Quenda mai shekara 17 a dama, Nuno Santos a hagu. Kafin su akwai Pedro Porro da Nuno Mendes. Mutanen da za su ɗauki mutum ɗaya su yanke shi su jefa kuros. A nan kuma Mazraoui da Dalot yake sawa, lamba biyu ne su duka, wato masu tsaron baya na dama. Idan ka haɗa su da uku na baya, ka fita da masu tsaron gida biyar, ga 'yan tsakiya biyu, saura mutum uku su nemo maka ci. Ina ƙwallo za ta fito?

Na Dalot ma ya fi ciwo. Ƙafar dama gare shi, an ajiye shi a hagu. Duk lokacin da ƙwallo ta same shi a bakin layi sai ya tsaya, ya juyo da ita ciki zuwa ƙafarsa ta dama. Wannan daƙiƙa ɗaya ko biyu ta ishi 'yan bayan abokan hamayya su koma mazauninsu, shi kuma Højlund da ya riga ya fara gudu zuwa turken farko sai ya tsaya ko ya faɗa satar gida. Shaw ya sake jin rauni, Malacia ya dawo bayan kusan shekara ɗaya da rabi yana jinya kuma ƙafarsa ba ta dawo ba tukuna. Na san hannun kocin a ɗaure yake a hagu. Amma dama fa? Ranar da ya sa Amad a wurin a Ipswich, minti biyu ba a yi ba ya ja ƙwallo ya ba Rashford ya ci. Ranar Everton da muka ci 4-0, Amad ne a wurin. Me ya sa aka janye shi?

Ibro Damagaram:
Hajiya, an janye shi ne saboda babu wani mai abin kirki a lamba goma. Tsarin na da lamba goma biyu, wato masu haɗa wasa, a bayan lamba tara, ɗan gaba na tsakiya. Mount ya ji rauni tun farkon wasan City, Rashford an ajiye shi, Garnacho ɗan bakin layi ne, in ka shigo da shi ciki inda zai karɓi ƙwallo da mutum a bayansa sai ya ruɗe. Ki tuna a Etihad daga lamba goma Amad ya tsinci ƙwallon da Nunes ya mayar baya aka yi masa ƙeta, Bruno ya ci fenareti a minti na 88, kuma daga nan ya ruga ya karɓi doguwar ƙwallon Martínez ya kewaye Ederson. Da yana can baya yana gadin gefe, da ba ya wurin. Amad ɗaya muke da shi, gurbi biyu ke nemansa.

Maman Sadiq:
Gaskiya ne Malam Ibro. To sai a sa Garnacho a gefen hagu a gwada, tun da bakin layin yake so.

Koci Lawandi:
Zai ba ki hari, amma ku lissafa abin da za a biya. Ɗan gefe a tsarin nan yana gudun kusan tsawon fili sama da ƙasa, kuma idan ƙwallo na ɗaya ɓangaren dole ya sauko ya rufe turke na biyu kamar lamba uku. Garnacho bai saba waiwayen kafaɗarsa ba. A gwada shi a gida da ƙungiyar da za ta koma baya, na yarda. A Anfield, gefen da Salah ke zaune, a'a.

Sani Blues:
Ku ba ɗan Chelsea dama ya sa baki. Masu cewa 'yan baya uku ba sa aiki a Firimiya su tuna kakar 2016/17. Arsenal ta ci mu 3-0 a watan Satumba, Conte ya koma 3-4-3, muka ci wasa 13 a jere, muka ɗauki kofi da maki 93. Amma ku dubi kayan aikin. A dama Victor Moses namu, ɗan gaba ne aka mayar da shi ɗan gefe, ga ƙarfi ga gudu. A hagu Marcos Alonso mai ƙafar hagu. A tsakiya Kanté da Matić, Kanté kuwa aikin mutum biyu yake yi. David Luiz a tsakiyar ukun yana raba ƙwallo, Azpilicueta na fita tarar mutum. Abu na biyu da mutane ke mantawa: a kakar nan ba ma buga gasar Turai. Wasa ɗaya a mako, Conte na da kwana huɗu ko biyar yana jera su a filin atisaye yana nuna wa kowa inda zai tsaya. Naku ya buga wasa 11 cikin kwana 37. Kwana ɗaya na hutun gajiya, kwana ɗaya na shirin wasa na gaba, sai tafiya. Yaushe zai koyar?

Ɗan Gwammaja:
Sani, ka ba ni makami. Idan ya san babu lokacin koyarwa, me ya sa ya tilasta tsarin tun ranar farko? Ba a fafe gora ranar tafiya. Van Nistelrooy, kocin riƙon ƙwarya kafin Amorim, ya riƙe ƙungiyar wasa 4 da 'yan baya huɗu, ya ci 3 ya yi canjaras da ku. Waɗannan 'yan wasan tsohon koci Ten Hag ya saye su don 4-2-3-1. Ka lallaɓa da abin da suka sani zuwa Mayu, ka yi atisayen bazara, ka sayi mutanenka, sannan ka juya. Slot ya karɓi Liverpool bai rushe komai ba, Gravenberch kawai ya mayar lamba shida, ga shi da maki 45 a wasa 18.

Malam Habu:
Ɗan Gwammaja, a yi adalci a wasannin Van Nistelrooy: biyu da Leicester ne, ɗaya da PAOK, kuma duka huɗun a Old Trafford. Sannan 'yan baya huɗun da kake kira su ne suka bar mu da maki 11 a wasa 9 har aka sallami Ten Hag ranar 28 ga Oktoba. Slot ya gaji ƙungiyar da Klopp ya gina kusan shekara tara, kowa ya san aikinsa. Amorim ya gaji tarkacen masu horarwa daban-daban, kowa da irin ɗan wasan da ya sayo.

Shugabannin da suka biya Sporting kuɗin sakinsa sun san da wane tsari ya ɗauki kofin gasar lig ta Fotugal a 2021, bayan shekara 19 ƙungiyar ba ta gan shi ba, ya sake ɗauka a 2024. Sun ga yadda ya ci City 4-1 ranar 5 ga Nuwamba. Shi ya so a bari sai ƙarshen kaka, aka ce masa yanzu ko a fasa. In ya ajiye tsarinsa ya koma na Ten Hag, to me aka saya? Kuma zai shiga bazara bai san wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. Wata shidan nan na tankaɗe da rairaya ne. Shi da bakinsa ya faɗa bayan wasan Everton cewa guguwa na tafe. Abin da ya fi damuna ni shi ne sama: an kawo Dan Ashworth daraktan wasanni, wata biyar aka rabu da shi ranar 8 ga Disamba. Ga kasuwar Janairu gobe za ta buɗe, wa zai tsaya ya samo masa ɗan gefen hagu?

Nura Gunners:
Ni ɗan Arsenal ne, amma ina so in tayar da abin da ba ruwansa da uku ko huɗu a baya: bugun kwana. Ku ƙirga. Mu mun ci ku biyu ranar 4 ga Disamba, Timber da Saliba, duka daga kwana. Forest, minti na biyu, Milenković daga kwana. City, Gvardiol, daga gajeriyar kwana. Tottenham, Son ya murɗa ta kai tsaye ta shige a kan Bayındır. Bournemouth, Huijsen da ka daga bugun tazara. Wolves, Cunha ya sake murɗa ta kai tsaye a kan Onana, mako ɗaya cif bayan ta Son. Kusan duk waɗannan wasannin, ƙwallon da aka ajiye aka buga ce ta karya ku.

Ga yadda ake yi muku. Babu satar gida a bugun kwana, don haka ana iya dasa mutum ɗaya ko biyu a jikin gola. Mai bugu ya yi amfani da ƙafar da za ta lanƙwaso ƙwallon zuwa raga, ya saukar da ita cikin yadi shida. Abin da Nicolas Jover, mai horar da mu bugun kwana a Arsenal, ke koya mana ke nan: manya su taru a turke na nesa, su rugo tare lokacin da mai bugu ya ɗaga hannu, wasu su tokare masu gadin yanki don kada su samu tashi. Maganinsa sananne ne. Na ɗaya, a ba gola ɗan rakiya, mutum mai ƙarfi da zai shiga tsakaninsa da mai takura masa ya ture shi waje. Na biyu, mafi iya hedin biyu, Maguire da De Ligt, su tsaya a yanki a bakin yadi shida ba tare da an ɗaura musu kowa ba, su dai su kai wa ƙwallo hari. Na uku, kada a bar Martínez da dogo. Tsayinsa mita 1.75, Milenković na da 1.95. Jiya ma Joelinton a kansa ya tashi. A ba shi gadin turken farko ko bakin yadi 18.

Baban Ummi:
Nura Allah ya saka. Wannan ya fi komai saurin gyaruwa, don ba ya buƙatar sayen kowa. To maganar Rashford fa? Tun wasan City aka ajiye shi tare da Garnacho. Garnacho ya dawo a wasa na gaba, shi kuwa sai jiya ya hau benci, kuma muna neman ci biyu ba a sa shi ba.

Ibro Damagaram:
Ni ina bayan koci a nan. Mutum ukun gaba su ne farkon masu tsaro a tsarin nan. Lamba tara ya kori mai ƙwallo zuwa gefe guda, lamba goma na wannan ɓangaren ya rufe hanyar da ke zuwa ga ɗan tsakiyarsu, ɗan gefe ya hauro ya danne. In mutum ɗaya ya yi tafiyar hawainiya, fasin ɗaya za a yi a tsallake su uku, a faɗa kan mutum biyun tsakiya da muke kuka a kansu. Kuma kwana biyu bayan wasan City shi Rashford ya fito ya ce a shirye yake ya nemi sabon wuri. Koci sabo ba zai gina gida a kan wanda ƙafarsa ɗaya ke waje ba.

Ɗan Gwammaja:
Ƙwallo uku ya ci wa Amorim a wasa biyun farko na Firimiya. Ƙungiyar da ta yi minti 270 ba ta ga raga ba ba ta da halin ajiye mai ci, ko da minti 20 na ƙarshe ne. A hukunta shi, na yarda, amma kada hukuncin ya koma kan maki.

Maman Sadiq:
Akwai lissafin kuɗi a ciki kuma. A dokar kashe kuɗi ta Firimiya, ɗan wasan da ya taso daga makarantar ƙungiya duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa a littafi. Shi ya sa ake ta ambaton Rashford, har da Garnacho da Mainoo. Na Mainoo ne ba zan yafe ba in aka yi. Kuma a yi maza a sabunta wa Amad, kwantiraginsa na ƙarewa a watan Yuni.

Koci Lawandi:
Bari in ƙara abu ɗaya a kan lamba tara, don ana ɗora wa Højlund fiye da laifinsa. Gyökeres ya ci 43 a kakar bara a Sporting, kuma yawancinsu iri ɗaya ne: ƙwallo ta fito da wuri daga baya zuwa ramin da ke tsakanin lamba biyu da lamba biyar na abokan hamayya, ya bi ta a guje yana fuskantar raga. Højlund ma abin da ya iya ke nan, a Atalanta ƙarƙashin Gasperini da 'yan baya uku ya yi wasa. Ku duba biyun da ya ci Bodø/Glimt da biyun Plzeň, yana fuskantar raga ne. Amma mu sai mu yi ta juya ƙwallo tsakanin Onana da ukun baya, Maguire ko De Ligt ya shiga tsakiya ya tsaya da mutum a bayansa inda ba zai iya juyawa ba, a ƙarshe a ɗaga doguwa zuwa ƙirjin Højlund yana kokawa da ƙato. Nan ne rauninsa. Zirkzee ya fi shi karɓa da ajiyewa, amma ba ya gudu bayan layi. Martínez ne kaɗai ke iya zura ƙwallo ta ƙasa ta tsaga layi, shi ya sa duk da gajartarsa ba a iya cire shi.

Wani misali kusa: Vítor Pereira ya karɓi Wolves ana saura kwanaki Kirsimeti, shi ma uku yake sawa a baya, ya ci Leicester 3-0 ya ci mu 2-0. Bambancin shi ne ya tarar da Aït-Nouri da Semedo, waɗanda suka daɗe suna wannan aikin na hawa da sauka.

Malam Habu:
To Koci, ranar Lahadi 5 ga Janairu Anfield, sai Arsenal a kofin FA ranar 12. Wa za ka sa?

Koci Lawandi:
Onana a raga. De Ligt dama, Maguire tsakiya, Martínez hagu. Yoro shekararsa 19 kuma daga karayar ƙafa ya taso, a riƙa shigo da shi a hankali. Mazraoui da Dalot a gefe, don wannan wasan na tsaro ne. Ugarte da Mainoo a tsakiya. Bruno lamba goma na hagu amma da umarnin ya riƙa saukowa ya zama na uku in an ƙwace ƙwallo, a koma 5-3-2, Amad ya matsa kusa da Højlund. Dalot ya manne wa Salah, Martínez na bayansa da taku biyar don tarar shi in ya yanko ciki zuwa ƙafar hagu. Harinmu kuma ta bayan Alexander-Arnold: da an ƙwace, fasin na farko ya tafi can, kada a tsaya juyawa.

Ɗan Gwammaja:
Wannan 5-3-2 ɗin da ka faɗa shi nake roƙo tun ɗazu, ko da bai canza sunan tsarin ba. In ya sa mutum na uku a tsakiya zan yi shiru har ƙarshen Janairu. In kuma na sake ganin Casemiro da Eriksen su biyu, za mu dawo nan.

Nura Gunners:
Ku dai sa wa Onana ɗan rakiya kafin ranar 12. Saka na jinya, amma Rice na nan, kuma daga ɓangaren hagu da ƙafar dama yake lanƙwaso ta.